Hoton Haruffa a Wani Shagon Kwamfuta Kusa da Gujungu: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, 'yan'uwana malamai suka ɗora mini nauyin nemo kyautar da za mu miƙa wa shugaban makarantarmu a ranar walimar ajiye aikinsa. Kuɗin da muka tara bai taka kara ya karya ba, kuma duk waɗanda suka riga shi ajiye aiki agogon bango da darduma aka ba su, har abin ya zama kamar gado. Ina cikin wannan tunani ne wani abokin aiki ya ba ni labarin wani shagon kwamfuta a nan ƙasar Taura, ba nisa da kasuwar Gujungu, inda ake mayar da hoton mutum ya koma haruffa da alamomin rubutu zalla, amma idan aka ja da baya sai a ga fuskar mai hoton sarai. Na je shagon sau huɗu cikin mako uku, na biya kuɗin aiki iri uku, kuma abin da na gani shi ne zan bayyana a nan domin wanda yake shawarar zuwa.

Shagon ɗaki guda ne na bulo mai rufin kwano, da farantan sola biyu a bisansa. Ainihin abin da yake ciyar da mai shi shi ne cajin waya, da fotokofi, da cire kuɗi ta POS, da buga takardun neman aiki, da duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa. Hoton haruffa, kamar yadda shi kansa yake kiran aikin, ƙari ne da ya fara don nishaɗi kafin mutane su soma tambayar farashinsa. A jikin ƙyauren shagon ya liƙa hoton raƙumi, wanda daga tsallaken titi na ɗauka tsohon hoton jarida ne mai baƙi da fari, sai da na zo daf da shi na ga cewa tozon raƙumin alamomin @ ne da # jere reras, sararin sama kuwa 'yan ɗige-ɗige ne da gurabe da aka bari babu komai. Wannan raƙumi shi ne tallarsa, kuma ya fi duk wani bayani da zai yi da baki.

Ya kamata mai karatu ya san cewa mai shagon tsohon ɗalibina ne, na koya masa lissafi a aji biyar na firamare kafin ya wuce ya yi difloma a ilimin kwamfuta, saboda haka a auna yabona da wannan. Da na tambayi farashi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba a yi haka ba, ko kwabo ba zan karɓa a hannunka ba." Na ce masa, "Ɗana, kuɗin ba nawa ba ne, na jama'a ne, kuma idan ban biya ba, ba ni da bakin cewa aikin bai yi ba." A kan haka muka daidaita, na biya yadda kowa yake biya.

Da na nemi ya nuna mini yadda abin yake aiki, sai ya juyo mini da fuskar laftof ɗinsa. Shirin da yake amfani da shi da hannunsa ya rubuta shi da harshen kwamfuta mai suna Python, bai cika layi arba'in ba, kuma ya jingina shi a kan wani ƙunshin kayan aiki na kyauta mai suna Pillow, wanda yake buɗe hoto ya karanta ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi shi. Kowane ɗigo a hoton waya yana ɗauke da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kuma matakin farko shi ne a narkar da ukun su zama lamba guda da take nuna haske kawai. Ba a raba su daidai wa daida: ana ninka ja da 0.299, kore da 0.587, shuɗi da 0.114, sannan a tara, domin idon ɗan'adam ya fi jin hasken kore, shuɗi kuwa ya fi kusa da duhu a wurinsa. Abin da ya fito lamba ce tsakanin 0, wato baƙi ƙirin, da 255, wato fari fat.

Daga nan sai a yanka hoton gida-gida, kamar yadda mai noman rani yake yanka fadamarsa fangali-fangali. Hotonmu yana da ɗigo 3,000 a faɗi da 4,000 a tsawo, shi kuma yana son haruffa 150 a kowane layi, saboda haka kowane gida ya ɗauki ɗigo 20 a faɗi da 40 a tsawo. Dalilin da ya sa tsawon ya ninka faɗin shi ne gurbin harafi a takarda ya kusan ninka faɗinsa a tsawo, kuma wanda ya manta da wannan zai ga fuska ta miƙe zoƙal kamar ta wanda ya duba kansa a bayan cokali. Kowane gida mai ɗigo 800 ana ɗaukar matsakaicin haskensa, a musanya shi da alama guda. Ta haka ɗigo miliyan 12 suka koma layi 100 masu haruffa 150, jimilla 15,000. Alamomin da ake zaɓa daga cikinsu guda goma ne, an jera su kamar tsani daga wadda ba ta cin tawada zuwa wadda ta fi ci: gurbi marar komai, sai aya, sai ruwa biyu, sai karan ɗori, sai alamar daidai, sai ta tarawa, sai tauraro, sannan # da % da @. Idan aka raba 256 gida goma, kowane mataki na tsanin ya ɗauki kusan lamba 26. Iyakar sirrin ke nan, kuma duk wanda ya iya rabawa da neman matsakaici zai gane shi a zama ɗaya.

Mai shagon bai yi da'awar cewa shi ya ƙago wannan fasaha ba, kuma na yaba masa a kan haka. Tun zamanin tafireta akwai masu buga hoto da haruffa da hannu, suna komawa da takarda baya suna ɗora harafi a kan harafi. A shekarar 1966 wasu masu bincike biyu a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, Kenneth Knowlton da Leon Harmon, suka sa kwamfuta ta karanta hoto ta sake gina shi da ƙananan alamomi gwargwadon duhun kowane sashe. Sunan da aka fi sanin aikin da shi a duniya, wato ASCII art, ya samo asali ne daga ASCII, tsarin da aka fitar a Amurka a 1963 domin bai wa haruffa lambobi, mai gurabe 128, waɗanda 95 daga cikinsu ne ake iya bugawa a takarda. A yau akwai shirye-shirye na kyauta kamar jp2a da suke yin wannan aiki da umarni guda. Wannan ya sa tambayar da ta dame ni tun farko ita ce: idan shirin kyauta ne, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba, to mene ne mutum yake biya?

Amsar ta zo mini ne a gwajin farko, wanda ya lalace. Hoton da na kawo an ɗauke shi ne ranar rabon kyaututtuka da tsakar rana, shugaban yana sanye da babbar riga ta farar shadda, a bayansa kuma farin bangon aji. Da shirin ya gama aikinsa, rigar ta ɓace gaba ɗaya cikin farin takarda, fuskar kuwa ta zama dunƙule guda na duhu wanda ba a bambanta ido da kunci a cikinsa. Mai shagon bai yi mamaki ba. Ya buɗe mini lambobin ya nuna mini cewa duk fuskar, daga goshi zuwa haɓa, tana tsakanin 40 da 90 ne, rigar da bangon kuma sun haura 200, tsakiya kuwa wayam. Ma'ana, tsanin yana da matakai goma, amma mutumin da muka zo dominsa ya takure a uku kawai, sauran matakan suna zaman banza ko suna hidimar bango. Kyamarar waya ta auna haske ne da farar rigar don kada ta ƙone, sai ta bar fuskar cikin duhu.

Wannan matsala ba ta shugabanmu kaɗai ba ce. Ita ce matsalar kusan duk hoton da za a kawo masa daga waɗannan ƙauyuka, domin fatarmu mai duhu ce, tufafin da muke sawa ranar taro farare ne, ranarmu kuma ba ta da sassauci. Ya gaya mini cewa lokacin da yake koyon abin, misalan da ya yi gwaji da su duk suna fita da kyau, sai da ya sa hoton mahaifinsa na ranar Sallah ya gane cewa rabon tsanin daidai wa daida bai dace da fuskokin da yake gani kullum ba. Duk wanda ya sauke shirin kyauta ya zuba masa hoton biki ko na suna yadda yake, abin da zai samu ke nan, dunƙulen duhu a kan farar takarda, kuma zai ɗauka fasahar ce ba ta da amfani.

Gyaran da ya yi a gabana shi ne abin da ya cancanci kuɗin. Da farko ya datse hoton ya bar kai da kafaɗu kawai, domin haruffa 150 ɗin nan su ƙare a kan fuska maimakon a ɓarnatar da su a kan bango da kujeru. Sannan ya share bayan hoton ya mayar da shi fari. Bayan haka ya yi abin da yake kira buɗa haske, wato ya ɗauki wuri mafi duhu a fuskar ya mayar da shi ƙasan tsanin, wuri mafi haske a fuskar kuma ya kai shi kusa da sama, sauran suka bazu a tsakani, kamar yadda ake ware ƙullin zare a shimfiɗa shi. Akwai wata hanya ta biyu da ya gwada, wadda take tilasta wa kowane mataki ya sami rabon ɗigo kusan daidai da na ɗan'uwansa. Ita ta fito da komai ƙarara har ta wuce gona da iri, ta zurfafa kowane layi na goshi, ta ƙara wa bawan Allah shekaru goma da ba nasa ba. Ya dube ta, ya girgiza kai, ya koma ta farko. Babu lissafin da ya yanke wannan hukunci, idonsa ne ya yanke.

Duk da haka hoton bai gamsar ba, domin rana tana tsaka lokacin da aka ɗauke shi, hula ta jefa inuwa a kan idanu, kuma abin da kyamara ba ta kama ba babu buɗa hasken da zai dawo da shi. A nan ya gaya mini gaskiya maimakon ya karɓi kuɗi ya sallame ni. Ya ce, "Malam, wannan iyakarsa ke nan. A samo wani da aka ɗauka da safe a inuwa, haske yana zuwa daga gefe guda, kuma a matso kusa." Bayan kwana biyu wani malami ya yi dabara ya ɗauki shugaban a ƙarƙashin darbejiyar da take bakin ofis, da hantsi, yana sanye da riga ruwan toka. Bambancin ya ba ni mamaki. Gefen fuskar da haske ya taɓa ya fito da alamar tarawa da ta daidai, gefen inuwa ya fito da # da %, ƙwayar ido ta zama @ guda uku ko huɗu, furfurar gemunsa kuwa ta fito da aya da ruwa biyu warwatse, kuma ban taɓa ganin abin da ya kama kamannin furfura kamar waɗannan 'yan ɗige-ɗige ba. Abin da aka rasa shi ne aikin hularsa, wanda ya dagule ya zama toka-toka, domin zanen ya fi gidajen ƙanƙanta.

Wanda zai saya ya sani cewa wannan hoto yana da nisan da ake kallonsa. A nisan karatu ba a ganin komai sai tarkacen alamomi, a taku uku ko huɗu kuma fuska take bayyana. Abin ya tuna mini da masu ɗinkin hula na garinmu, waɗanda suke ƙirga zare suna soka allura rami bayan rami, wanda ya sunkuya a kansu ba ya ganin komai sai ɗinki, sai an ɗora hular a kai an tsaya nesa zanen yake fitowa. Ranar walima shugaban ya karɓi kyautar, ya gyara tabarau, ya kawo ta daf da hancinsa yana neman abin karantawa, ya yi godiya irin ta wanda bai gane abin da aka ba shi ba. Sai da wani ɗalibi ya karɓa ya tsaya da ita a bakin ƙofa ya ga kansa, kuma dariyar da aka yi a wurin ta fi kuɗin da muka kashe.

Game da farashi, a lokacin da na je na biya naira 1,000 a kan babban hoto na takardar A4, kuma duk gyaran da na bayyana yana cikin wannan kuɗi, har da gwajin farko da ya lalace. Leminetin naira 500 ne, firam kuwa a kasuwa na saya. A ganina wannan araha ce idan aka dubi lokacin da ya ɓata, domin ya fi minti arba'in a kan hoto guda, alhali a wannan lokaci zai iya yin fotokofin da ya fi haka kawo kuɗi.

Sauran ayyukan biyu da na biya ba su kai wannan ba. Na farko shi ne ƙaramin hoto na naira 200 da yake bugawa da injin rasit, wanda yara da samari suka fi saya ranar kasuwa. Takardar rasit mai faɗin milimita 58 haruffa 32 kawai take ɗauka a layi, saboda haka hoton gaba ɗaya bai cika haruffa 700 ba, kuma da wannan adadi ba a gane fuskar kowa. Abin da yake fita shi ne abu mai siffa bayyananna, kamar raƙumi, ko bishiyar kuka da rani bayan ta zubar da ganye, ko dagin Arewa. Babban aibinsa kuma shi ne takardar kanta, domin ba tawada ake zuba mata ba, zafi ne yake baƙanta ta, don haka zafi da rana suke cinye ta. Wanda na saya na bar shi a aljihun riga, kafin mako uku ya dushe har kukar ta zama kamar hayaƙi. Na kuma ga yaron shagon ya sa wa wani saurayi nasa a injin leminetin don ya adana masa, takardar ta fito baƙa ƙirin daga sama har ƙasa. An mayar wa saurayin kuɗinsa, amma da an gaya wa mutane tun farko cewa wannan abin wasa ne na 'yan kwanaki, da ya fi. Araha ba ta ado.

Na biyu shi ne kwafin da ake tura wa mutum a waya, naira 300. A tunani abin yana da kyau, domin haruffa 15,000 ba su wuce kilobayit 15 da 'yan kai ba, alhali hoton asali ya haura megabayit biyu, kuma a wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. A aikace kuwa abin bai yi ba. Hoton haruffa ba ya tsayuwa sai da salon rubutun da kowane harafi yake cin fili daidai da ɗan'uwansa, irin Courier da aka gada daga tafireta. WhatsApp yana da hanyar yin haka idan aka kewaye rubutu da alamar ``` a farko da ƙarshe, amma duk layin da ya fi faɗin fuskar waya sai ya karye ya gangaro ƙasa, hoton ya wargaje. Ƙari a kan haka, wanda ya sa fuskar wayarsa baƙa, rubutu fari, zai ga komai a juye, inda ya kamata ya yi duhu ya yi haske, kamar fim ɗin kyamarar da kafin a wanke shi. Ƙarshenta sai da ya ɗauki hoton rubutun ya turo mini, wanda ya mayar da mu inda muka fito. Wanda ba shi da kwamfuta a gida ya riƙe kuɗinsa.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi tafiyar da shagon. Zuwana na uku ya faɗo ranar kasuwa, mai shagon ya fita neman canji, yaronsa ne ya buga mini kwafi na biyu da wani malami ya roƙa. Yaron ya buɗe rubutun a manhajar buga wasiƙu ya bar shi da salon rubutun da ya tarar, wanda aya take cin fili kaɗan, @ kuma take cin mai yawa, sai kowane layi ya ƙare a inda ya ga dama, fuskar ta zame gefe kamar katangar da aka gina da tubala marasa girma ɗaya. Ban duba ba sai da na isa gida, kuma sai da na sake hawa babur na koma. An sake bugawa ba tare da ƙarin kuɗi ba, an kuma ba ni haƙuri, amma man da na ƙona ya tafi. Matsalar wuta ma tana nan. Firintar tana buƙatar zafi kafin ta manna garin tawada a takarda, batirin sola ba ya ɗaukarta, saboda haka sai an tayar da janareta, shi kuma ba ya tayarwa sai ayyuka sun taru. Ranar farko na yi zaman fiye da awa guda a kan benci. Sannan a duba takarda da kyau kafin a biya, domin idan garin tawada ya kusa ƙarewa @ takan fito toka-toka, wani farin layi kuma ya ratsa daga sama zuwa ƙasa. A wasiƙa ba wanda zai damu da wannan, amma a nan duhun kowace alama shi ne hoton.

Wani abu da na so ƙwarai bai samu ba, kuma ba laifin shagon ba ne. Na so a gina fuskar da kalmomin godiya na Hausa, ta yadda wanda ya matso zai karanta, wanda ya ja baya kuma ya ga mutum. Cikas na farko shi ne haruffan rubutu kusan duhunsu ɗaya ne, tazarar da take tsakanin a da e da o ba ta kai ta tsakanin aya da @ ba, don haka hoton ya fito fayau babu zurfi. Na ba shi shawarar ya sa shirin ya ƙirga baƙin ɗigon kowane harafi ya jera su da kansa, ya gwada, M da W da B suka zauna a ƙasan tsanin, i da l a sama, hoton ya ɗan inganta, amma haruffan sun daina zama kalmomi. Cikas na biyu shi ne ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin gurabe 128 na ASCII, sai a babban tsarin Unicode ake samunsu. Injin rasit ya buga alamar tambaya a madadinsu, a babbar firinta kuma salon rubutun da yake amfani da shi ba shi da su, kwamfuta ta aro su daga wani salo mai faɗi dabam, duk layin da suka shiga ya goce. Ajami ma mun taɓo zancensa, amma haruffansa suna haɗuwa da juna, suna sauya siffa gwargwadon matsayinsu a kalma, suna kuma tafiya daga dama zuwa hagu, saboda haka ba sa zama gida-gida. Ya gaya mini cewa wasu sun nemi ya yi musu da ayoyin Alƙur'ani ya ƙi, domin takardun gwaji da suke lalacewa ba ya da iko da inda za su ƙare, wataƙila a hannun mai ƙosai. Na ga dacewar wannan.

Ya kuma nuna mini wani salo da ake yi da alamomin rubutun makafi, waɗanda kowace take da gurbin ɗigo takwas, biyu a faɗi huɗu a tsawo, har iri 256 a cikin Unicode. Da su hoton ya fi fitowa dalla-dalla, har aikin hular ya soma bayyana. Sai dai da na matso kusa ban ga komai ba sai ɗige-ɗige irin na hoton jarida, babu wannan mamaki na tarar da alamomin da mutum ya saba gani a allon waya sun taru sun zama fuskar wanda ya sani. Na zaɓi na haruffa, kuma da zan sake, shi zan sake zaɓa.

Wanda yake son babban hoto na mutum guda, ko na dabba, ko na gini mai siffa bayyananna, zai sami abin da ya fi kuɗinsa a wannan shago, da sharaɗin ya tarar da mai shagon da kansa, ya kauce wa ranar kasuwa, kuma ya zo da hoton da aka ɗauka kusa, a inuwa, ba da farar riga a tsakar rana ba. Hoton taron jama'a, ko na gonar gero, ko na mace cikin atamfa mai yawan zane, ba ya fita, kuma shi da kansa zai faɗa kafin a biya. A zuwana na ƙarshe na kai masa ƙaramin hoton fasfo na mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda shi kaɗai ya rage mana, ya dushe, gefe guda kuma tambarin ofis ya hau kan kafaɗa. Ya sa shi a na'urar sikanin, ya duba lambobin, ya ce fuskar tana da matakai biyar da za a iya buɗawa, amma tambarin sai ya goge shi da hannu ɗigo bayan ɗigo, don haka in ba shi mako guda.